Amsa ga mai son ajiye maciji a gida

Malam, ka ce wani gardi ya yi maka tayin kumurci, wai an cire masa haƙora, kana tambaya ko zai zaunu a gida, kuma me za ka riƙa ba shi. Don Allah ka bar masa kayansa. Maciji mai dafi yana sauya haƙoransa muddin ransa, in an ɓalle wannan akwai wani a baya yana jiran fitowa, jakar dafin kuwa tana nan daram. Kumurci ma ba sai ya kai sara ba, daga nesa yake tsarto dafi ya nufi ido. Maganin sara ga tsada ga wuyar samu, shi ya sa mutane ke niƙar gari daga nesa zuwa asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

In sha'awar ta gaske ce, nemi irin wadda nake kiwo: ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya in ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi. 'Yar Afirka ta Yamma ce, daga Togo da Benin da Gana ake kwasar ta zuwa ƙasashen waje a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai. Kada a haɗa ka da jaririyar babbar mesa, waccan tana kai mita 4 har fiye, ga faɗa. Ka kuma sani ƙaramar tana yin shekara 20 zuwa 30, wato ɗawainiya ce ka ɗauko.

Mazauninta ba wuya. Babbar roba mai murfi da makulli, a huda ƙananan ƙofofin iska, a shimfiɗa jarida ko ɓawon kwakwa. Murfin nan ka kula da shi, don da dare take bi kusurwa-kusurwa tana turawa da hanci. A daji cikin ramin ɓera da suri take wuni, saboda haka na kife mata kasko biyu da na fasa wa baki, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi. Gefen ɗumi digiri 31 zuwa 32, ɗayan wajen 26. Sayi ma'aunin zafi, kada ka auna da tafin hannu. Ɗakin kwano a watan Afrilu kashe ta zai yi, rumfar rana kuwa ko kusa.

Inda masu kiwo a Arewa ke faɗuwa shi ne hunturu. Tana son laimar iska kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, iskar Disamba kuwa ka san yadda take tsage leɓe. A wajen saɓa ake gane wannan. Za ka ga fatarta ta dushe, idanun sun yi hazo-hazo, ta ƙi abinci, ta shige kasko. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, sai ta fara goga hanci a bakin kaskon, fatar ta kwaye daga leɓe, ta zare jikinta a hankali ta bar saɓar a juye kamar safa. In ta fito guda, lafiya lau. In ta fito gutsi-gutsi, bushewa ta yi yawa, kuma ragowar da ta maƙale a ƙarshen wutsiya tana iya shaƙe jini har wurin ya mutu. Ni da hunturu nakan sa ƙaramin akwati da jiƙaƙƙen tawul a ciki, in ƙara faɗin kwanon ruwa. Saɓar da ta maƙale a ido kada ka sa farce, likitan dabbobi za ka kai wa.

Abincinta ɓera ne, ba madara ba, ba ƙwai ba, duk abin da gardi zai faɗa maka. In babba ce, ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14, wanda kaurinsa bai fi tsakiyar jikinta ba. Ɓeran gida dai a'a, ba ka san wanda ya ci shinkafar ɓera ba, dole ka yi kiwon naka. Kuma kada ka bar mai rai ya kwana da ita, in ba ta jin yunwa shi zai ciccije ta. Bayan ta ci, kwana biyu ba taɓawa, in ba haka ba ta amayo shi. Takan yi watanni tana yajin cin abinci, muddin ba ta rama ba kada ka ɗura mata.

Wanke hannu da sabulu duk ka taɓa ta, don kashinta na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, yara ƙanana kuma a nisanta su. Kafin ka sayo, ka zauna da uwargida da mai gidan haya, ka kuma nemo likitan dabbobin da ya yarda zai duba maciji, don ba kowanne ke karɓa ba.