Tambaya da Amsa: Sanin nauyin naman dawa ba tare da sikeli ba

Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibi ne a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdu Mumuni, nan Yamai. Aikina na ƙarshen karatu shi ne ƙiyasta nauyin barewa daga awon jikinta, da lissafin da ake ce wa regiresiyon mai ma'aunai da yawa. Daga ina zan fara, kuma dabba nawa zan auna?

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Da sikeli za ka fara, ba da kwamfuta ba. Wannan lissafi ba ya ƙirƙiro nauyi daga iska. Kai ne za ka tara dabbobin da ka san nauyinsu na gaskiya, ka auna jikin kowace, sannan lissafin ya nemo ƙa'idar da ta fi kusantar da awon jiki zuwa ga abin da sikeli ya nuna. Sai bayan nan ne za ka iya barin sikelin a gida ka shiga daji da igiyar awo kaɗai.

Barewa ba ta da wuyar ɗagawa. Sandar ƙarfe uku da aka haɗa kansu, sikelin ratayawa da tamfol mai hannuwa sun isa. Rataya tamfol ɗin shi kaɗai tukuna, ka mayar da allura kan sifiri. Kowace safiya ka gwada sikelin da jarka mai lita 10 na ruwa, wato kilo 10 ban da nauyin jarkar. Sikelin da ya sha zafin mota da ƙura yana yin ƙarya ba tare da kowa ya lura ba.

Ma'aunin da ya fi kowane daraja shi ne kewayen ƙirji: igiya ta zagaya daidai bayan ƙafafun gaba, ta kwanta a kan fata ba tare da ta nutse ba, ka karanta lokacin da dabbar ta fitar da numfashi. Na biyu tsawon gangar jiki, daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ƙashin ɗuwawu. Wasu daga hanci zuwa gindin wutsiya suke aunawa, bisa ƙashin baya. Ko wanne ka zaɓa, rubuta shi a shafin farko na littafinka, kada ka sauya a tsakiyar aiki. Na uku tsayi daga kofato zuwa doron kafaɗa. Kowane awo sau biyu, a santimita; in sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, sake. Mutum guda ne zai riƙe igiya tun daga farko har ƙarshe, don hannu ya bambanta da hannu wajen matsewa. Kuma igiyar tela ta yadi tana miƙewa in ta tsufa, nemi ta roba mai zare a ciki. A gefen kowane layi rubuta jinsi, ƙiyasin shekaru daga haƙora, kwanan wata, da ko macen tana da ciki.

Yanzu lissafin. Siffarsa mafi sauƙi ita ce: nauyi = a + b1 × ƙirji + b2 × tsawo, inda a, b1 da b2 su ne lambobin da lissafin zai nemo maka. Amma jiki ba ya girma a kan miƙaƙƙen layi. Ɗauki gangar dabba kamar ganga: abin da ganga ke ci ya dogara ga kewayenta sau kewayenta sau tsawonta. Shi ya sa miƙaƙƙen layi ke ba 'yan ƙanana nauyi ƙasa da nasu, wani lokaci har ƙasa da sifiri, ya kuma tauye manya. Maganinsa shi ne ka mayar da duk lambobin zuwa logaritim, wanda ake rubutawa ln, kafin lissafi: ln nauyi = a + b1 × ln ƙirji + b2 × ln tsawo. Wannan siffa tana da wani amfani da ɗalibai ba su cika sani ba: b1 da b2 in an haɗa su ya kamata su kusanci 3. In ka ga 1 ko 6, kada ka zargi barewa, koma ka duba littafinka, akwai inda aka rubuta mita a gurbin santimita.

A Excel na Faransanci, umarnin shi ne DROITEREG. Ginshiƙan awon jiki dole su kasance maƙwabta, kuma ka yi hattara, amsar tana fitowa a juye: lambar ma'auni na ƙarshe ce ke zuwa farko, lambar a kuma tana can ƙarshen layi. Wannan juyin ya ɓata aikin mutane da yawa. In manhajar R kake amfani da ita, umarnin lm ne, kuma tun da mu waƙafi muke sa wa a tsakiyar lamba, buɗe fayil ɗinka da read.csv2, in ba haka ba za ta ɗauki lambobinka a matsayin rubutu.

Game da yawa, abin da aka saba bi shi ne dabba 10 zuwa 20 ga kowane ma'auni da ka sa cikin lissafi. Ƙirji, tsawo da jinsi, uku ke nan, sai ka nemi 30 zuwa 60. Amma bambancinsu ya fi yawansu muhimmanci: manyan maza 40 masu kama da juna ba za su koya maka komai a kan 'yan ƙanana ba. Kuma barewa guda da ka auna sau goma barewa guda ce, ba goma ba. Jinsi kuwa ginshiƙi ɗaya yake buƙata, mace 0, namiji 1.

Kada ka taɓa naman dawa ba da takardar izinin ma'aikatar gandun daji ba; dokar farauta da kare namun daji ta 1998 tana nan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi likitocin dabbobi ranar da za su kama dabba don wani aikin, ko ka nemi izini a wuraren da ake kiwonsu a killace. A yi aikin da sassafe, a rufe mata ido da ƙyalle, a daina hayaniya. Barewa tana mutuwa saboda firgita da zafi kaɗai, wani lokaci kwanaki bayan an sake ta.

Malamai barka da aiki. Ina aikin kula da lafiyar dabbobi a Tawa. Muna da ƙa'idar da muke ƙiyasta nauyin saniya da ita kafin allura. In aka kira mu ga gwanki ko raƙumin dawa, tana aiki?

Barka kadai, malam. Ƙa'idodin shanu da aka fi sani biyu ne. Ta Crevat, wadda ake koyarwa a makarantun da ke bin tsarin Faransa: kewayen ƙirji a mita, a ninka shi da kansa sau uku, a ninka da 80. Sai ta Schaeffer: ƙirji sau ƙirji sau tsawo, a santimita, a raba da 10838. Gwada su a kan sa guda mai ƙirji 150 da tsawo 120. Crevat ta ce kilo 270, Schaeffer ta ce 249. Tazarar kilo 21 ke nan a kan dabbar da aka yi ƙa'idodin dominta.

Ga ɗalibin da ya yi tambayar farko: ta Schaeffer ita ce siffar logaritim ɗin nan, da b1 = 2, b2 = 1, sai a = −9.29. Bambancin kawai shi ne an ƙayyade lambobin tun tuni don shanu, kai kuwa dabbobinka ne za su faɗa maka naka.

To, gwanki ƙirjinsa mai zurfi ne amma matsattse, ƙafafu dogaye, ba tozo, ba kitse irin na san Azawak da aka turke. Ƙa'idar shanu za ta ba ka lamba, amma ba wanda zai iya ce maka kuskurenta nawa ne. Raƙumin dawa kuwa, a bar zancen. Wuya da ƙafafu sun ɗauke babban rabo na nauyinsa, gangar kuma gajera ce mai gangarowa baya. Babban namiji yana haura tan guda. Ga shi kuma irin namu na Kure ba su da yawa a duniya, takwas kacal aka fara kaiwa Gadabeji a 2018, kowane guda abin tattali ne. In aka kayar da shi da allura, nan take ake ba shi makarin maganin, ba a barin sa kwance don wani ya gama awo.

Ka lura da wani abu: allurar da ke kayar da dabba ana harba ta ne kafin a taɓa dabbar, don haka igiyar awo ba ta taimaka a nan, ido da gogewar likita ne. Amfanin ƙa'ida yana zuwa bayan ta kwanta, wajen maganin tsutsa da na ƙwayoyin cuta. Ibamektin mai kashi 1 cikin ɗari, mililita ɗaya ne ga kilo 50. Oksitetirasikilin mai dogon aiki, mililita ɗaya ga kilo 10. Ka ga a na biyun kuskuren kilo 30 mililita uku ne.

Kuma kuskuren igiya yana ninkuwa. Ƙarin kashi 5 cikin ɗari a ƙirji yana zama kashi 10 a nauyi da ƙa'idar Schaeffer, kusan 16 da ta Crevat. Dabba mai tuƙa in ta jima kwance a gefe, cikinta yana kumbura, ƙirji ya ƙaru ba tare da ta ƙara ko giram ɗaya ba. A durƙusar da ita bisa ƙirjinta, kai sama, hanci ƙasa, a auna ƙirjin da farko.

Malamai, na sa ma'aunai bakwai a lissafina na gadu, R², wato awon da ke nuna yadda ƙa'ida ta dace da lambobin da aka tara, ya kai 0.97, amma lambar kewayen wuya ta fito da alamar ragi, kamar mai kaurin wuya ya fi sauƙi. Ina matsalar? Ɗalibarku daga Yamai.

'Yarmu, shaidu bakwai kika kawo, amma duk bakinsu ɗaya. Gadun da ƙirjinsa ya fi girma, wuyansa da cinyarsa da tsawonsa duk sun fi girma. In ma'aunai suka yi tafiya tare haka, lissafin ba ya iya raba wa kowane haƙƙinsa, sai ya ƙara wa wannan ya rage wa wancan. Cire dabba biyu daga jerin ki sake, za ki ga alamar ta iya juyawa. Ana gane wannan da awon da ake kira VIF: ma'aunin da nasa ya haura 5 abin zargi ne, wanda ya haura 10 a fitar da shi.

R² kuma kada ya ruɗe ki. Ba ya taɓa raguwa in an ƙara ma'auni, ko da lambar takalmin mai awon ce aka ƙara. Kuma duk jerin da ya haɗa jarirai da manya zai ba da R² mai kyau, domin ko yaro ya san babba ya fi ƙarami nauyi. Tambayar da ta dace ita ce: a kan gadun da lissafin bai taɓa gani ba, kilo nawa zai kuskure?

Ga yadda ake amsa ta. Ki ware dabba ɗaya, ki gina ƙa'ida da sauran, ki ƙiyasta wadda kika ware, ki rubuta tazarar. Ki mayar da ita, ki ware ta gaba, haka har kowace ta sami nata zagayen. Ki ninka kowace tazara da kanta, ki fitar da matsakaici, ki ɗauki tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da matsakaicin. Wannan lamba, a kilo, ita ce za ki sa a rahoto. Yi haka da ƙirji kaɗai, sannan ƙirji da tsawo, sannan ki ƙara jinsi. Galibi za ki ga kuskure ya sauka sosai a na farko, ya ɗan ƙara sauka a na biyu, daga nan ya tsaya ko ma ya fara hawa. Inda ya tsaya, nan za ki tsaya. A ganinmu ƙa'ida mai ma'auni biyu da za a iya ɗauka cikin minti guda ta fi mai bakwai da ke tsare dabba kwance cikin rana.

Ki kuma zana tazarar kowace dabba a kan nauyin da aka ƙiyasta mata. Ɗigogin su watsu ba tsari. In sun lanƙwasa kamar baka, ko sun buɗe kamar bakin mazurari wajen manya, logaritim kike buƙata. A ƙarƙashin ƙa'idarki rubuta ƙirji mafi ƙanƙanta da mafi girma da kika auna, da watan da aka yi aikin. Gadun ƙarshen damina da na tsakiyar bazara tsawonsu ɗaya ne, nauyinsu ba ɗaya ba.

Giwa fa, ko ɓaunar gandun dajin W, waɗanda ba a iya kamawa? Mai karatu daga Tawa.

Daga nesa ake auna su da hoto. Ana ɗaura fitilun leza biyu a jikin kyamara, a jere, da tazarar da aka sani, misali santimita 20. Ɗigo biyun da suka sauka a jikin dabbar su ne ma'auni a cikin hoton, da su ake fitar da tsayin kafaɗa da tsawon jiki. Dole dabbar ta ba ka gefenta sosai. In ta ɗan karkata, tsawon zai fito gajere. Ga giwa, tsawon sawun ƙafar baya a ƙasa mai laushi yana nuna tsayinta. Sai dai hoto ba ya ba da kewayen ƙirji, zurfinsa kawai yake nunawa, don haka ƙa'idar da aka gina da igiya ba ta karɓar awon hoto. Sai an gina wata daban, da dabbobin da aka ɗauka hoto kuma aka ɗora a kan sikeli a rana guda.