Amsa ga 'yar'uwar da aka samu mahaifinta da ciwon dajin huhu

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Na karanta tambayarki cewa likitoci sun tabbatar da ciwon daji a huhun mahaifinku, yayyenki suna ganin a ɓoye masa, ke kuma hankalinki bai kwanta da hakan ba. Irin wannan jarrabawa ta same mu da namu mahaifin, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Mu ma ɓoyewa muka yi da farko. Sai da ya yi wata huɗu yana shan maganin tarin fuka a wani asibiti, domin tari mai naci da rama da jini a kaki duk ana ganinsu a cututtukan biyu, kafin a ɗauki hoton CT, a ɗebi ɗan nama daga huhun a gwada, sannan gaskiya ta fito. Muka haɗa baki muka ce masa sanyi ne ya kama ƙirjinsa. Wani dare bayan sallar isha'i ina danna masa baya, sai ya ce mini, ko juyowa bai yi ba: "Ku daina yin raɗa a zaure, ni ne mai jikin." Ashe ya daɗe da ganewa, ya yi shiru ne don kada ya tayar mana da hankali, shi kaɗai yana kwana da fargabarsa. Bayan da likita ya yi masa bayani a gaban babban yayanmu, ya biya basukansa, ya yi wasiyya, ya aika aka kira ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa ga maciji, kuma daga ranar bai sake yi mana gardamar zuwa asibiti ba. Don haka ra'ayina shi ne ku tambayi Baba a hankali iya abin da yake so ya sani, ku bar shi ya zaɓa.

Ta fuskar magani, ku tambayi likita wane nau'i ne, domin ciwon dajin huhu ya kasu manyan gida biyu, kuma maganinsu ya bambanta. Ku kuma tambaya ko za a yi wa naman da aka ɗiba gwajin EGFR, wato neman wani sauyi a ƙwayoyin halittar dajin, saboda wanda aka samu da wannan sauyi yakan sha ƙwayoyi a gida maimakon ƙarin ruwan kemo (maganin daji da ake sawa ta jijiya). Idan kemo aka sa masa, galibi duk bayan mako uku ake yi, kuma yana rage garkuwar jiki, don haka ku sayi ma'aunin zafi. In zafin jikinsa ya kai digiri 38, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a tsaya ba shi farasitamol. Mutum ɗaya ya riƙe fayil da sakamakon gwaje-gwaje, shi ne kuma zai riƙa magana da likita. 'Yan dubiya za su kawo jiƙe-jiƙe da kyakkyawar niyya, amma kada a ba shi komai sai likita ya sani. Idan zafin ciwo ya tsananta aka rubuta masa mofin, kada ku ji tsoro. Mu mun jinkirta, har yau kuwa ina nadamar dararen da ya kwana a zaune.

Abu na ƙarshe da nake so ki faɗa wa mutanen gida shi ne wannan ciwo ba a ɗaukarsa. Tun lokacin da ake zaton tarin fuka ne aka ware wa mahaifinmu kwano da kofi, aka hana jikoki shiga ɗakinsa, muka kuma manta ba mu sauya ba bayan sakamako ya fito. Mahaifiyarmu ce ta lura, ta ɗauke kwanon, ta turo masa jikokin da akushi guda. A ranar ya ci tuwo fiye da yadda ya ci a makon gaba ɗaya.