Faɗuwar Kamala: wariya ce ko tsadar rayuwa?

Malama, kin tambaya ko ƙin mace da wariyar launin fata ne suka kayar da Kamala Harris, mataimakiyar shugaban ƙasa a lokacin, a zaɓen Amurka na 2024. Suna ciki, babu ko tantama. A Yulin shekarar, gaban taron baƙaƙen 'yan jarida a Chicago, Trump ya ce wai daga baya ne Kamala ta koma baƙa. Wallahi maganar ta ƙona mini rai. Obama da kansa, a Pittsburgh cikin Oktoba, ya gaya wa baƙaƙen maza ido da ido cewa wasunsu shugabancin mace ne kawai ba sa so.

Amma ban yarda a yi wa kowa kuɗin goro ba. Gundumomi fiye da 200 sun zaɓi Obama sau biyu, sannan suka koma wa Trump a 2016. Hauhawar farashi ta kai kashi 9 cikin 100 a Yunin 2022, magidanci na jin ta a kuɗin mai da cefane. Larabawan Dearborn a jihar Michigan kuwa, Gaza ce ta sa da yawansu suka juya wa Kamala baya, wasu suna da 'yan'uwa a ƙarƙashin bama-baman Lebanon a daidai lokacin.