Tambaya da Amsa: Mai makaranta ya ce in rubuta wa yara amsa a allo

TAMBAYA: Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi, maigidana ba shi da aiki yanzu, yara uku, albashina ne ke riƙe da gidan. WAEC ta kusa, mai makarantar ya tara mu ya ce ranar lissafi ni zan warware tambayoyin in rubuta a allo, wai iyaye sun riga sun biya kuma an gama da sufabaiza. Da na nuna ban so sai ya ce ai kowa na yi, shi ma dattijo ne a cocinsu, in ba zan iya ba ga ƙofa nan. Na kasa barci. In ƙi in rasa aikin, ko in yi sau ɗaya in nemi gafara? Daga wata malama, Kudancin Kaduna.

AMSA: 'Yata, salama a gare ki. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, kada ki rubuta amsar nan. Rashin barcin da kike yi lamirinki ne ke magana, ki gode wa Allah bai mutu ba.

Zancen sau ɗaya kam ki cire shi a ranki, don WAEC na ƙarewa NECO ta shigo, baɗi ma haka, kuma ranar da kika ɗau alli kika rubuta shi kenan ya san farashinki, ba ki da bakin cewa a'a kuma. Shirya zunubi da niyyar tuba daga baya kuwa Bulus ya riga ya rufe wannan ƙofar a Romawa 6, da ya tambaya ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da kansa cewa sam. Sannan yaran fa? Yarinya ta fito da A1 a lissafi ta je gaban kwamfutar JAMB ba malama ba allo ta zauna tana kallon tambaya, ko ta lallaɓa ta zama nas ba ta iya lissafin adadin magani ba. Cutarsu aka yi da kuɗin iyayensu.

Muna yi wa Leah Sharibu addu'a a coci tun da aka sace ta tare da 'yan matan makarantarsu a Dapchi a Fabrairun 2018, aka sako sauran da ke raye aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta, muna cewa da mu ne ma haka za mu yi. To yawancinmu ba bindiga za a nuna mana ba, takardar albashi ce, kuma abin da ya fi ciwo wani lokacin ɗan'uwa mai bi ne ke riƙe da ita.

Amma ƙin yi ba sai da faɗa ba. Karanta Daniyel sura 1 da kyau. Ya ƙudura a ransa ba zai ci abincin sarki ba, duk da haka bai yi ihu ba, ya je wurin mai kula da su cikin ladabi ya ce a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Ke ma ki same shi a ofis shi kaɗai, ba gaban malamai ba don kada ya ji kin kunyata shi. Ki ce ranka ya daɗe wannan kam ba zan iya ba, amma a ba ni yaran da yamma da ranar Asabar mu bi tambayoyin shekarun baya har ranar jarrabawa. Ki tuna masa akwai dokar satar jarrabawa ta 1999 da ta tanadi ɗauri har ga malamai da masu sa ido, WAEC kuma tana riƙe sakamako tana soke rajistar makaranta, in abin ya fashe wadda rubutunta ke allo za a fara kamawa, shi kuwa ya ce bai sani ba.

Zai iya korarki, ba zan ɓoye miki ba, kuma duk wanda ya ce miki gobe-gobe za ki samu wanda ya fi shi ya faɗi abin da Allah bai aiko shi da shi ba. Shadrak, Meshak da Abednego sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu na iya cetonsu, amma ko bai cece su ba ba za su yi wa gunkin sujada ba. Kafin su san ƙarshen labarin suka faɗi haka.

Saboda haka kada ki ɗau kayan nan ke kaɗai. Daren yau ki zauna da maigida ki faɗa masa komai ku yi addu'a ku tsai da magana ɗaya, sannan ki sanar da fastonku da shugabar zumuntar mata. Ku kuma ikilisiya da ke karanta wannan, Galatiyawa 6:2 ta ce mu ɗauki nauyin juna, in muna wa'azin a tsaya kan gaskiya to wanda ya tsaya ya rasa abinci mudun masararsa da kuɗin makarantar yaransa na wuyanmu. Malamar lissafi ba ta rasa masu neman lesin, ki fara cigiya tun yanzu, kuma dan Allah ki sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare da shi.