Amsa kan maganar guguwa da zaftarewar ƙasa

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ji saƙonka, wai ta yaya iska za ta ture tsauni guda. To ai ba iskar ba ce, ruwan da take janyowa ne. Ka ɗauki guguwar Morakot da ta faɗa wa Taiwan a Agustan 2009. Wajen ƙarfin iska ba wata gagaruma ba ce, amma tafiyar hawainiya ta yi, tana jan danshi daga teku tana juye shi a kan tsaunuka. A yankin tsaunin Alishan sai da aka auna ruwa sama da milimita 2,700 cikin 'yan kwanaki. Kano fa sai ta haɗa damina wajen uku kafin ta ga haka.

Kai ka san katangar ƙasa. Ranar da aka yi iska tana nan ƙyam. Sai an kwana uku ana yayyafi ta sha ta ƙoshi, da asuba ka ji rim! Haka ta baya ta gidanmu ta yi, don wani maƙwabci ya toshe magudana ya kafa shago a kai.

Ruwa ke bin tsagar dutse ya shige can ƙasa, ya ƙara wa gangaren nauyi, ya sa ƙasan ya yi santsi. Taiwan kuma dama ƙasa ce mai girgiza, girgizar 1999 ta farfasa tsaunuka da yawa. Safiyar 9 ga Agustan 2009 gefen tsauni ya ɓalle ya rufta wa ƙauyen Xiaolin, ya kuma datse kogi. Ruwa ya taru, datsiyar ta fashe, ta share abin da ya saura. Mutum sama da 400 suka rasu, Innalillahi.

Shi kuma mai cewa da sun dasa itatuwa da hakan bai faru ba, haba Malam! Wurin daji ne kore shar. Bishiya tana riƙe ƙasar sama, wannan gaskiya ne, tana rage zaizaya. Amma in daga can zurfi abin ya tsinke, inda saiwa ba ta kaiwa, da bishiyar da dutsen tare suke gangarowa.

Lakar ma ba ɓacewa take ba, kogi ke kwasarta, mai ɗimbin yawa daga wasu tsaunukan ta je ta kwanta a dam ɗin Tsengwen ta cinye wurin ruwa. Bari in tsaya nan, ana kiran salla.