Fatawa: Shin ya halatta in cire 'ya'yana daga makaranta, uwarsu ta koyar da su a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, iyalina suna unguwar Agege. 'Ya'yana uku, biyu a firamare, babbar tana ƙaramar sakandare, duk a makarantar gwamnati. Abin da nake ji a bakinsu ya fara ba ni tsoro: ashar, waƙoƙin banza, ga azahar sai sun dawo gida. Makarantar kuɗi ta Musulunci ta fi ƙarfina. Na ji ana cewa a Amurka iyaye na koyar da 'ya'yansu a gida. Ya halatta in cire su, uwarsu ta koya musu? Ta gama sakandare, ta kuma yi sauka, sai dai ita ba ta so.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Tsoron nan naka alamar imani ce. Allah yana cewa a Suratut Tahrim, aya ta 6: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku kare kanku da iyalanku daga wuta." Manzon Allah (SAW) kuma ya ce dukkanku makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin kiwonsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Abin da shari'a ta wajabta maka shi ne yaro ya san addininsa, ya samu tarbiyya, ya kuma koyi abin da zai tsaya da ƙafarsa ba tare da ya miƙa hannu ga kowa ba. Ba ta ce lallai a aji ba, ba ta kuma ce lallai a ɗaki ba. Wuri hanya ce, hanya kuwa tana ɗaukar hukuncin inda za ta kai mutum. Saboda haka karatun gida a asalinsa halal ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a hannun mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani, 'yarsa Nana Asma'u kuma a gidan ilimi ta tashi har ta zama malamar mata. Amma Shehun bai tsaya nan ba, ya fita ya nemi malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Imamu Malik ma mahaifiyarsa ce ta sa masa tufafi, ta naɗa masa rawani, ta tura shi wurin Rabi'a, wani babban malamin Madina, ta ce ya koyi ladabinsa kafin iliminsa.

Ko da a ce malaman makarantar ba Musulmi ba ne, wannan bai haramta karatu a hannunsu ba. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa, Manzon Allah (SAW) ya sanya fansarsu su koya wa yaran Ansar rubutu. Imamu Ahmad ya ruwaito wannan daga Ibn Abbas. Mushirikai ne fa, jiya-jiya suka zare takobi a kan Musulmi.

Yanzu mu zo gidanka, don fatawa ba a iska ake ba da ita ba. Kai da ka bi motar asuba zuwa kasuwa, sai bayan isha'i. Duk nauyin zai koma kan maiɗakinka: ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya, tukunya a kan wuta, layin ɗiban ruwa, janareton maƙwabta yana ruri, sannan yara uku masu aji daban-daban, babbarsu tana buƙatar lissafi da kimiyyar sakandare. Ta gaya maka ba ta so, kuma ni ina ganin gaskiya ta faɗa, ta san iyakar ƙarfinta. Ko yaye jariri Allah ya ce a yi shi da yardar juna da shawara, a Suratul Baƙara aya ta 233, balle makomar karatun yara uku. Ba ya halatta ka ɗora mata wannan da ƙarfin tuwo.

Na ga ƙarshen irin wannan da idona. An taɓa kawo mini yaro ɗan shekara goma sha ɗaya Islamiyya, an cire shi daga boko shekara uku da suka wuce da niyyar za a koya masa a gida. Watan farko an yi da gaske, har ƙaramin allo aka saya. Daga baya allon ya koma bayan ƙofa, aka miƙa masa waya don ya ji darasi, shi kuwa ya koma kallon abin da ya fi na makaranta muni. Na ba shi takarda ya karanta mini sunansa, ya sunkuyar da kai, ya kasa. Ranar ban yi barci mai daɗi ba. An gudu daga ashar, an faɗa jahilci, ashar ɗin kuma tana nan a bakin layi tana jiransa.

Akwai kuma doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ya zama kyauta kuma dole, ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi. Biyayya ga hukuma a abin da ba saɓo ba wajibi ce. Gaskiya ne wanda bai zauna a aji ba zai iya rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, amma wa zai shirya shi har can? Kar ka manta, a Legas 'ya'yanka za su nemi abinci, cikin mutanen da harkarsu da Turanci da Yarbanci take tafiya. Mu Hausawa mun daɗe muna dako da gadi a garin nan, wasu suna rubuta mana rasit.

Hukuncin da nake ba ka: a halin da ka siffanta, bai halatta ka cire su ba, domin abin da ya fi rinjaye shi ne karatun zai tozarta. Wanda yake da malami tsayayye, da lokaci ayyananne, da manhaja, da hanyar jarrabawa, kuma ya daidaita da hukumar ilimi, shi nasa ya halatta. Idan kuwa aka tilasta wa yaro ibadar wani addini, ko ana cin zarafinsa, to fitar da shi daga wannan makarantar wajibi ne nan take, sai a nema masa wata.

Abin da ya dame ka kuma yana da magani. 'Yarka tana da haƙƙin sa hijabi a makarantar gwamnati: kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da shi a 2016, Kotun Ƙoli ta rufe maganar a watan Yunin 2022, kuma iyayen da suka tsaya suka bi kadi ne suka samo mana shi. Ku haɗu da sauran iyaye Musulmi, ku halarci taron iyaye da malamai, ku nemi wurin alwala da salla cikin ladabi. Azahar da aka yi kafin shigar la'asar tana cikin lokacinta, don haka ka sa su yi ta da sun sauke jaka, kafin abinci. Da yamma Islamiyya. Uwarsu ta riƙe musu tilawa bayan magariba, wannan cikin ikonta yake. Kai kuma ka san sunayen abokansu, don mutum yana kan addinin abokinsa, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi. Ka ware yini ɗaya a mako ka dawo da wuri, ka ja su salla, ku ci abinci kwano ɗaya, ka buɗe littattafansu ka gani.

Wallahu a'alam.