Ba waken ba ne 'yar'uwa, man ne da gishirin

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki cewa likita ya ce jininki ya hau, ko dole ki bar ƙosai da awara, wallahi sai da ƙwalla ta zo min. Ni ma na sha wannan.

Azumin bara waccan ne. Kullum da ƙosai da fanke da soyayyen dankali nake buɗa-baki. Wata rana bayan la'asar ina wanke-wanke kaina ya sara, na ga katanga tana juyawa. Na dafa randa na sulale ƙasa, autata tana jan zanina tana "Umma, Umma", na kasa amsa mata. Da aka auna jinina, 170 bisa 100. Abin da ya fi ƙona min rai, facalata cewa ta yi raki ne, ai iyayenmu da tuya suka tsufa. Kwana uku ina kwance, ɗakinta na kallon nawa, ko leƙowa ba ta yi ba. Ko sannu! Har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Wake da waken suya ba su da laifi, abinci ne mai gina jiki. Amma babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, ki ƙiyasta nawa ƙosai goma ke sha. Ki leƙa kaskon da ake tuya ki gani, in man ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, na jiya ne aka ƙara masa sabo. Irinsa ke wahalar da jijiyoyin jini. Ga yajin awara, ya sha gishiri da dunƙule, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda.

Ni na koma alala. Ƙosai sai ranar Juma'a, da hannuna, da sabon mai. Ki bari man ya yi zafi kafin ki zuba ƙullu, in ba haka ba shanye shi zai yi, sannan ki tsane a kwando. Yara ma na rage musu cincin a jakar makaranta, gyaɗa da ayaba nake sa musu, suna ta ƙunƙuni.

Don Allah kada ki ajiye maganinki don kin ji sauƙi. Nawa aka ce miki awon jininki ya kai? Allah Ya ba ki lafiya.